Tukunyar suya da iska: A duba wuta da aljihu kafin a saye ta

A shagunan kayan kicin na Kano, Kaduna da Abuja, tukunyar lantarki mai suya da iska mai zafi ta samu gurbi kusa da na'urar markaɗe da tukunyar dafa shinkafa. Ta fara shiga jerin kayan da wasu iyaye ke ganin dole amarya ta tafi da su ɗakinta. Abin da ya fi tallata ta a TikTok da Instagram shi ne fukafukan kaza: a zuba su ɗanyu, a fito da su jajur, fatar ta yi ƙaras-ƙaras, ba a kafa kasko ba, ba a zuba mai ba. Tallar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta faɗi komai da komai ba.

Na'urar ba ta daɗe a duniya ba. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da ita a wani baje-kolin kayan lantarki a birnin Balin na Jamus a shekarar 2010, da sunan Airfryer. A haƙiƙa ba suya take yi ba, gashi ne. Ƙarfe ne mai ɗaukar zafi a sama, da fanka mai hura iskar da ƙarfi a kan abincin da ke cikin kwando mai huji-huji. Iskar na busar da bayan naman da sauri, sannan zafin ya sa shi yin ja da ƙamshi, irin sauyin da ke faruwa ga tsire a bakin wuta. Masanin kimiyya Bafaranshe Louis-Camille Maillard ne ya fara bayyana wannan sauyi a 1912.

Fiffiken kaza ya dace da ita saboda fata ta fi yawa a jikinsa, kuma a ƙarƙashin fatar akwai kitse. Idan zafi ya ratsa, kitsen ya narke ya soya fatar da kansa. Shi ya sa tun 1964, lokacin da wani gidan cin abinci a garin Buffalo na Amurka ya shahara da soyayyun fukafukai, wannan sashe da a da ba a ɗauke shi a bakin komai ba ya zama abin marmari.

Yadda ake samun ƙaras ɗin ba boyayye ba ne. Danshi ne babban abokin gaba. A tsane fukafukan sosai da tsumma mai tsabta ko takardar goge hannu, in da hali a bar su a buɗe cikin firji na wasu sa'o'i. A barbaɗa gishiri kaɗan, citta, tafarnuwa da barkono. Ƙaramin cokali ɗaya na hodar kumbura kek a kan rabin kilo na taimaka wa fatar ta bushe ta yi rumus. A jera su ɗaɗɗaya, kada wani ya hau kan wani, domin cunkoso na tare iska, naman ya koma kamar an turara shi. Minti 20 a zafin digiri 180, a juya su a tsakiya, sannan a ƙara zuwa digiri 200 na kimanin minti biyar. Yaji mai ƙuli-ƙuli da miya mai zuma ko sukari sai bayan an sauke, don suna saurin ƙonewa.

Wannan lissafi na kajin gidan gona ne masu taushi da kitse. Kazar Hausa tana da tauri kuma ba ta da kitse sosai, idan aka jefa ta kai tsaye za ta bushe kafin ta nuna. Ita sai an sulala ta tukuna, a tsane, a ɗan shafa mai. Masu tallar ba su cika faɗin wannan ba.

Babbar tambayar ita ce wuta. Yawancin waɗannan tukwane na jan wat 1,200 zuwa 1,800. Mai wat 1,500 idan ta yi aiki na minti 25 ba ta wuce kashi biyu cikin uku na yunit guda ba. A watan Afrilun 2024 Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin yunit ga 'yan rukunin Band A zuwa Naira 225, wanda ke nufin kusan Naira 140 a suya ɗaya a wancan farashin. Idan aka kwatanta da man gyaɗa ko man ja da kasko ke sha, da kuma iskar gas, akwai sauƙi. Amma sauƙin na wanda ke samun wuta ne. Ƙaramin janareto da ake yi wa laƙabi da "na fi maƙwabcina" ba ya kai wat dubu ɗaya, ba zai iya ɗaukar ta ba. Ƙaramar na'urar sola ta gida ma haka. A unguwar da ake kwana biyu ba a ga ƙyallin wuta ba, tukunyar ado ce kawai a kan kanta, kuma bai kamata uba ya ci bashi don a gan ta ranar jere ba.

Akwai kuma batun haɗari. Kayan gwanjo da aka yi domin Amurka na aiki da wuta mai ƙarfin bolt 120, alhali ta Najeriya da Nijar ta kai 220 zuwa 230. Jona irin wannan kai tsaye na iya ƙona ta nan take. A watan Fabrairun 2023 kamfanin Cosori ya janye kimanin tukwane miliyan biyu daga hannun jama'a a Amurka, Kanada da Meziko saboda wata waya da ke iya zafi har ta kama da wuta. Wanda ya sayi ta-hannu a kasuwa ba shi da hanyar sanin ko tasa na cikinsu, sai dai ya duba lambarta. Nan ne aikin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, yake: ta sa ido a kan abin da ke shigowa, ta kuma wayar da kan mutane da harshen da suke ji.

Ta fuskar lafiya ma a yi hattara da zuzutawa. Rage mai abu ne mai kyau, musamman ganin yadda ake maimaita suya da mai ɗaya har ya yi baƙi. Sai dai fiffike na ɗauke da kitsensa, kuma tukunyar ba ta rage gishiri ko dunƙulen ɗanɗano da aka zuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram biyar na gishiri a rana. Sannan jan fata ba shaidar nuna ba ce. Ɗanyar kaza na iya ɗaukar ƙwayoyin cuta irin su salmonela, kuma ana ba da shawarar zafin cikin naman ya kai digiri 74 domin a tabbatar sun mutu. Wanda ba shi da ma'auni ya tsaga kusa da ƙashi ya tabbatar babu ɗanyen nama ko jini. A wanke hannu, wuƙa da katakon yanka da sabulu kafin su taɓa wani abinci. Haka nan a san inda kazar ta fito, domin daskararrun kajin waje na cikin kayan da aka haramta shigowa da su Najeriya, kuma waɗanda ake fasa-ƙwaurinsu kan narke su sake daskarewa a hanya.

Ga gidan da ke da tsayayyar wuta da wayoyi masu ƙwari, tukunyar na rage kashe kuɗin mai, tana rage hayaƙi da fallatsin suya, kuma fukafukan da take fitarwa ba su da makusa. Ga gidan da ba haka ba, kasko da gawayi na nan, kuma masu gashin kaza na bakin titi sun daɗe suna fitar da fata mai ƙaras ba tare da soket ba. Kafin a miƙa kuɗi, a juya bayan tukunyar a karanta wat da bolt ɗinta, sannan a tambayi kai sa'o'i nawa wuta ke zama a unguwa.