Baleyara: Kasuwa na ci, baƙi sun ɗauke ƙafa

Baleyara, mai nisan kusan kilomita 100 daga Yamai a hanyar Filinge, tana cikin kwarin Dallol Bosso, tsohuwar hanyar kogi da damina ke cika wa tafkuna. Ruwa na kusa, ga lambuna, ga kanwa. Amma kasuwar Lahadi ce ke jawo 'yan yawon buɗe ido a da: Buzaye da cuku, Fulani da nono, Kurfayawa da gero.

Harin 9 ga Agustan 2020 a Kure, yankin raƙuman dawa, ya hallaka Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, aka ƙaƙaba wa Baleyara dokar ta-ɓaci. Dillalan dabbobi har yanzu suna da mahautan Yamai. Masu yi wa baƙi jagora da dukawa masu jiran kuɗin Turawa ne suka ji a jikinsu.