Wa Ya San Inda Kalapanzin Take?

Duk mai keke napep da ke lodi a bakin Kasuwar Barci, a Tudun Wadar Kaduna, ya san hanyar barikin Kalapanzin, ya kuma san barikin Dalet da ke Kawo. Abin da da wuya ya sani, kuma da wuya fasinjansa ya sani ko da malami ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha, shi ne asalin sunayen. Kalapanzin kogi ne da kwarinsa a yankin Arakan, a yammacin ƙasar Bama wadda yanzu ake kira Myanmar. Dalet ma wuri ne a wannan yanki. Can aka kai samarin ƙasar nan a 1944 da 1945 suka gwabza da sojojin Japan, can aka bar waɗansunsu a ƙarƙashin ƙasa. Garin da ke furta sunayen filayen dagarsu kullum safiya ba shi da wani bango, ko littafi a hannun jama'a, da ya jera sunayen mutanen da kansu.

Ga Kaduna wannan abin kunya ne na musamman, domin kakin soja ne ya haife ta. Dakarun Lugga sun riga ma'aikatan gwamnati sauka a bakin kogin, kafin a ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Hausa ce harshen ba da umarni a Rundunar Nijeriya shekaru da dama. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, birgediyar Nijeriya na cikin waɗanda suka karɓe Mogadishu daga hannun Italiya a Fabrairun 1941. Daga baya aka haɗa Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma aka tura su Bama. Ta 81 ta kutsa kwarin Kaladan, dajin da mota ba ta shiga; daga sama ake jefo mata abinci, kayan yaƙi kuwa a ka ake ɗaukarsu, a kawunan dubban 'yan dako, da yawansu ba su riƙe da bindiga. Bataliya uku ta Nijeriya sun yi yaƙi a bayan layin Japan tare da dakarun Chindit, sunan da barikin Zariya ya gada. Ɗan dakon da zazzaɓi ya kashe a Kaladan da akwatin harsashi a kansa yana da uwa, yana da ƙauye, yana da sunan da aka raɗa masa ranar bakwai. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba. Ingila ta nemi gafara. Nijeriya ba ta ma lura cewa ita ma tana da irin wannan bashi a wuyanta ba.

Za a ce ai akwai ranar 15 ga Janairu. Akwai. Kowace shekara ana ƙaddamar da tambarin tara kuɗin mazan jiya, a yi addu'a a masallaci ranar Juma'a da coci ranar Lahadi, manya su ajiye furanni, a harba bindiga, a saki tattabaru. (A 2021 tattabarun Abuja sun ƙi tashi, kuma wannan ne kaɗai abin da yawancin mutane suka riƙe daga bikin shekarar.) Duk wannan ana yin sa ne a gaban gunkin "sojan da ba a san shi ba". Al'adar ta samo asali a Landan da Faris a 1920, inda igwa ta ragargaza gawarwaki har ba a iya tantance su. Amma a gefen wannan kabari ɗaya, kusan kowane ƙauyen Faransa ya kafa dutse ya sassaƙa sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Nijeriya ta ari kabarin, ta bar dutsen. Sojan da ba a sani ba a nan rajistar soja ta san shi, matarsa ta san shi; sakaci ne ya shafe shi. Kowa ya san Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da ya faɗi a Malam Fatori a 2016, da Janar Ibrahim Attahiru da jirgi ya faɗi da shi a Kaduna a Mayun 2021. Kuratan da suka mutu a Metele a Nuwamban 2018 fa? Har yawansu sai da aka yi ta jayayya a kai.

A ƙananan garuruwan Amurka akwai ƙungiyoyin tarihi na sa-kai, na malaman makaranta da 'yan fansho, waɗanda kan taru a shekara su sa tufafin zamanin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, su kafa tantuna, su kwaikwayi daga, sannan su je maƙabarta su karanto sunayen mamatan garin. Akwai wasa da son nuna kai a ciki, kuma sau da yawa an yi amfani da shi wajen wanke waɗanda suka yi yaƙi don kare bauta. Bahaushe ba ya bukatar darasi a kan raya tarihi a fili: Hawan Sallah, da lifidi da sulke da 'yan bindiga da jahi, tsohon tsarin fita yaƙi ne ake maimaitawa, kuma Kaduna ta karɓi babban hawan daba na 1956 da na 1977. Sai dai hawan na mai doki ne, kirarin na sarki ne da hakimansa. Dakaren da ya bi su a ƙasa ba ya cikin waƙa. Kuma a garin da ya ji ƙarar bindigar gaske a 2000 da 2002, sa wa samari kaki su riƙa harbin wasa rashin tunani ne. Abin ɗauka daga waɗancan ƙungiyoyi shi ne aikin da ba a ɗaukar hotonsa: mutanen gari, ba tare da jiran gwamnati ba, sun zauna sun tattara sunaye, sun bi dangi, sun rubuta.

Hujjar da ta fi nauyi a kan wannan kira ita ce ta masu cewa sojan Turawa bai cancanci karramawa ba. Ba su yi ƙarya ba. Rundunar da ta je Bama ita ce magajiyar wadda ta fasa ganuwar Kano a 1903, ta ci Sakkwato, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, ta kuma shafe Satiru a 1906, kuma Hausawa ne da yawa daga masu riƙe da bindigogin. Ranar 15 ga Janairu kanta tana da fuska biyu a Kaduna: a takarda ranar ƙarshen yaƙin basasa ce a 1970, a zuciyar garin kuwa daren da sojoji suka kashe Sardauna da matarsa Hafsatu ne a 1966. Mutanen Tudun Biri, da jirgin soja marar matuƙi ya hallaka musu sama da mutum 80 a taron Mauludi a Disambar 2023, ba za a tilasta musu tafa wa fareti ba. Amma duk waɗannan dalilai ne na ƙwace tunawar daga hannun hukuma. Bikin gwamnati yabon runduna yake yi, shi ya sa ba ya iya ambaton Satiru ko Tudun Biri. Littafin unguwa mutum yake rubutawa, da yadda aka ɗauke shi, ko da son ransa ko hakimi ne ya cika adadin da Turawa suka ɗora masa, da inda ya mutu, da abin da aka bar wa iyalinsa. Irin wannan littafi yana da shafin da zai ɗauki kurtu, yana da wanda zai ɗauki wanda kurtu ya kashe.

Masu ƙyamar furanni da gunki saboda addini su ma suna da gaskiyarsu, sai dai ba ta zama uzurin mantuwa ba. Malaman Musulunci sun adana sunayen mutanen Badar da shahidan Uhudu tun ƙarni na farko, kuma marubutan jihadin Shehu sun ambaci waɗanda suka faɗi a Tsuntsuwa da Alwasa. Rubuta sunan mamaci, yi masa addu'a, da duba marayunsa, babu malamin da zai hana. Wanda ya ƙi furen ya kuma ƙi littafin, lalaci ne ya fake da shi a bayan akida.

Kayan aikin suna kusa. Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, cibiyar adana tarihi ce tun 1970. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa tana da babban reshe a Kaduna. Ƙungiyar tsofaffin sojoji tana da rajistar mambobinta, masu unguwanni sun san gidajen da ake ce wa gidan Saje ko gidan Kofur. Abin da ya rage shi ne lauyoyi da likitoci da malaman da Tudun Wada ta raina su ware Asabar ɗaya a wata, su shiga gidajen da wayar ɗaukar murya, su nemi a buɗe musu adaka su ɗauki hoton takardar sallama da lambobin yabo kafin gara ta gama da takardar, jika kuma ya kai lambar Panteka a auna. Biyi Bandele, ɗan Kafanchan, daga labaran mahaifinsa ya gina littafinsa Burma Boy na 2007. Gida ɗaya ke nan. Wanda ya je Bama yana ɗan shekara 18 a 1944, in yana raye, yana bakin shekara 100. Wanda ya shiga yaƙin basasa yana ɗan 20 a 1967 yana dab da 80, kuma waɗansu irinsa har yanzu suna zaune a kan benci a ƙofar gida, a layukan Tudun Wada, bayan sallar la'asar.