Jinjina ga Gwanayen Rauta, Amma da Sauran Rina a Kaba

Duk wanda ya leƙa ɗakin amarya a Kano, Kaduna, Zariya ko Maraɗi a 'yan shekarun nan ya san inda hannun kafintocinmu ya kai. Gado mai zanen fure a allon kai, ƙofofin wadirof masu kwarmi a gefe, madubi da aka zagaye bakinsa sumul, ƙofar falo da aka fafe mata gurbin kwaɗo daidai wa daida. Sau da yawa sai 'yan ganin ɗaki su ɗauka daga Turkiyya ko Dubai aka yo odarsu, alhali a Gandun Albasa da ke Kano aka ƙera su, da katakon da aka saro a 'Yan Katako na Na'ibawa. Kaso mai tsoka na wannan ado aikin inji guda ne, wanda masu sana'a ke kira rauta, musamman irin wanda ake dannawa bakinsa ya nutse cikin katako.

Wani kamfanin Jamus mai suna Elu ne ya fito da rauta mai nutso wajen shekarar 1949. Motar injin tana hawa da sauka a kan sanduna biyu masu sifirin, faifan ƙasa kuma yana zaune daram a kan katako. Idan ka danna, baki ya shiga iya zurfin da ka auna masa; idan ka saki, sifirin ya mayar da shi sama ya ɓoye. Da haka ake iya fara yanka daga tsakiyar allo, ba sai daga gefe ba. Aikin da a da kafinta zai wuni a kansa da cizal da guduma, yanzu kafin a kira azahar ya gama ya kama wani.

Yabon gwani ya zama dole. Mafi yawan waɗanda suka ƙware a wannan inji ba a aji suka koye shi ba. Takardar bayanin da ke zuwa da shi da Turanci take ko da Sinanci, in kuwa na gwanjo ne ma ba ta zuwa. Da ido da kunne da haƙuri suka laƙance shi. Su suka yanka samfurin zane a falankin filawud suna bin sa da baki har fure ɗaya ya fito iri ɗaya a ƙofa goma. In kabon ya cinye su canja, in waya ta ƙone su kai wa masu naɗi a Panteka ta Kaduna ko makamantanta a farfaɗo da ita. Suna yin duk wannan da wutar da ba ta da tabbas da man janareta mai tsada. Sun sauƙaƙa wa iyaye hidimar kayan ɗaki, sun riƙe kuɗin da da waje zai tafi, sun kuma janye dubban matasa daga zaman kashe wando. Jinjina ta musamman ga iyayen gidan da ba sa barin yaro ya taɓa rauta sai ya daɗe yana kallo, waɗanda ke korar mai surutu daga gefen benci in inji na aiki. Allah Ya saka musu da alheri, Ya ƙara wa sana'a albarka.

To amma da sauran rina a kaba, kuma ku iyayen gida, a wuyanku take. Abin da ke kare hannun gwani ya zauna a jikinsa ne har ya daina lura da shi, saboda haka ba ya faɗa. Yaron shago yana ganin saurin maigida ya kwaikwaya, bai ga taka-tsantsan ɗin da ke ƙarƙashin saurin ba. Rauta kuwa yana juyawa har sau 24,000 a minti ɗaya, wato sau 400 a daƙiƙa. Baki mai kaifi biyu yana sara sau 800 a cikin daƙiƙa guda. Zarto kan yanke yatsa likita ya samu abin ɗinkewa. Rauta niƙe nama da ƙashi yake yi, sau da yawa ba ya barin abin da za a haɗa.

A fara da ɗaura baki, domin a nan ne hatsarin da ba a gani yake. A kasuwanninmu kayan ƙasashe daban-daban sun cakuɗe. Akwai baki mai ƙafar milimita 6, akwai mai rubu'in inci, wanda shi milimita 6.35 ne. Akwai mai milimita 12, akwai mai rabin inci, wato 12.7. A ido duk ɗaya ne, amma mariƙin da aka yi wa rubu'in inci ba zai damƙe ƙafar milimita 6 yadda ya kamata ba, ko da an ɗaure shi da sifana har ƙarfi ya ƙare. Ana cikin aiki sai baki ya riƙa zamowa, ya ɓata katako, ko ya fice gaba ɗaya. Naɗa masa takarda ko guntun gwangwani don ya cika ramin ba gyara ba ne, ajiye hatsari ne zuwa wani lokaci. Ko da an dace da awo, sai a tura ƙafar ta shige sosai, a ɗan janyo ta kamar milimita 2 zuwa 3, sannan a ɗaure. Kada a bar rabinta a waje don neman ƙarin zurfi. Bakin da ya dakushe, ya tsage, ko kaifinsa ya ɓantare, a jefar da shi. Kuma faɗin baki yana da nasa hukunci: a juyi 22,000, gefen baki mai faɗin milimita 12 yana gudun kusan kilomita 50 a awa, amma mai milimita 50 ya haura kilomita 200. Shi ya sa ake rage gudun inji in baki ya yi faɗi. Injin da ba shi da abin rage gudu, ba a ɗaura masa babban baki.

Sai maganar wuta, wadda ta fi shafarmu fiye da mutanen ƙasar da aka ƙera injin. Yawancin rauta suna da makunnin da ke tsayawa a kunne. Ana tsakiyar aiki a ɗauke wuta, yaro ya ajiye inji a kan benci ya fita shan iska, ya manta bai kashe ba. Da an dawo da wuta ko an tayar da janareta, inji ya tashi da kansa ya yi tsalle, ko ya tarar da hannun wanda ke ƙoƙarin canja baki. Doka ɗaya ce ke rufe wannan ƙofa: an ɗauke wuta, a kashe makunni, a zare fulogi. Za a canja baki, a zare fulogi, a ajiye shi inda ido ke ganinsa. Cusa tsirarar waya cikin soket da tsinken ashana kuwa ya kamata a ce mun wuce wurin.

Hanyar tura inji ita ce abin da gwanaye suka fi sani kuma suka fi ƙarancin bayyanawa. In ka dubi rauta daga sama, bakinsa yana juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya. Don haka in kana gyara gefen allon da ke gabanka, daga hagu zuwa dama za ka tura, yadda kaifi zai riƙa cin katako yana turo ka baya, kai kuma kana iko da shi. In kana zagaye allo ta waje, ka saɓa wa hannun agogo; in cikin rami ne ko firam, ka bi hannun agogo. Wanda ya juya wannan tsari, baki zai hau katako ya fizgi injin daga hannunsa. Haka zurfi. Kwarmin milimita 15 ba a cinye shi a tafiya ɗaya, musamman a katako mai tauri irin maɗaci ko iroko. A raba shi hawa uku ko huɗu. Ai don haka aka yi wa injin matakalar awon zurfi da ke juyawa a gindinsa. Tsarin kuwa ba ya canjawa: faifai ya zauna a kan katako, baki na sama, hannu biyu a kan mariƙai, a kunna, a jira gudu ya cika, a danna, a kulle, a yi tafiya, a saki makulli baki ya koma ciki, a kashe, a jira ya tsaya cak kafin a ɗaga. Abin takaici ne ka ga an kulle injin a ƙasa dindindin, baki a waje kullum, an kashe kariyar da ta bambanta shi da sauran.

Akwai wata al'ada da nake roƙon a daina yau, ba gobe ba: sa yaro ya danne katako da hannu yayin da maigida ke bin sa da rauta. Kilam guda biyu ba su kai kuɗin jinyar yatsa ɗaya ba. Yaron nan amana ce iyayensa suka damƙa, sun kawo shi ya koyi abin da zai ci da kansa, kuma da yatsun nan zai ci. Haka masu kifa rauta a ƙarƙashin tebur, baki ya leƙo sama tsirara. In za a yi haka, a sa masa shinge da murfi, a tura katako daga dama zuwa hagu, a yi amfani da sandar turawa in guntu ne, makunni kuma ya kasance inda hannu zai kai nan take. Katakon da aka ɓalle daga tsohon gini ko akwatin kaya a bincike shi, ƙusa ɗaya ta isa ta farfasa kaifi ya watsu a fuska. Hannun riga mai faɗi a naɗe shi, rawani da hirami a ajiye, safar hannu ma ba ta da wuri kusa da abin da ke juyawa.

Raunin da ke zuwa a hankali shi aka fi rainawa. Ƙarar rauta a cikin katako takan kai desibel 100, alhali masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa 8, kuma a 100 abin da kunne zai ɗauka lafiya bai wuce minti 15 a rana ba. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Garin katako kuma, tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin hanci. Ƙurar iroko tana tayar da asma da ƙaiƙayin fata, allon MDF da ya cika shagunanmu kuma ƙurarsa ta fi laushi, ga sinadarin gam da aka haɗa shi da shi. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare irin wannan ƙura. Tabarau na kariya, abin toshe kunne da takunkumi na gaske su zama kayan aiki kamar sifana, maigida ya fara sawa, domin abin da yaro ya gani a fuskar maigidansa shi zai ɗauka.

Nauyin bai tsaya kan kafinta kaɗai ba. 'Yan kasuwar da ke sayar da baki su ware na inci da na milimita, su faɗa wa mai saye gaskiya. Hukumar ilimin fasaha ta NBTE mai hedikwata a Kaduna da asusun horas da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa tun 1971, su sauko da darasin kariya zuwa cikin kasuwanni, da Hausa, a gaban benci. Ƙungiyoyin kafintoci kuma suna da ikon da gwamnati ba ta da shi, domin su ke zama a wurin bikin yaye.

Saboda haka ga roƙona gare ku, iyayen gida da shugabannin ƙungiya. Kada ku yaye yaro don kawai ya iya fitar da fure a ƙofa. Ku tsayar da shi a gabanku ya ɗaura baki, ya nuna hanyar turawa ta waje da ta ciki, ya faɗi abin da zai yi in an ɗauke wuta inji na hannunsa. In ya kasa, ya ƙara wata uku a shago kafin ku sa masa albarka.