Sangaya: Tsakanin Masu Dariya da Masu Kewa

Duk lokacin da wani ya kunna wani yanki na fim ɗin Sangaya a wayarsa, ko a ɗakin kwanan ɗalibai ko a ofis bayan an tashi aiki, nan take 'yan kallo sukan rabu gida biyu. Gida na farko su ne masu dariya, waɗanda ba su ganin kome sai hoto dishi-dishi da muryar da ke shaƙewa da kiɗan fiyano mai arha. Gida na biyu kuwa su ne masu kewa, waɗanda za su yi ajiyar zuciya su ce ai a wancan zamani ne aka yi finafinai masu tarbiyya, ba irin na yanzu ba. Mu dai muna da ja da duka ɓangarorin, domin kowannensu ya kauce wa tambayar da fim ɗin ya yi.

Ga wanda bai sani ba, kamfanin Sarauniya na Kano ne ya fitar da Sangaya a daidai shigowar shekara ta 2000, Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a matsayin masoya. Labarin ba mai wuya ba ne: Zubaina, yarinya 'yar aiki a gidan sarauta, ita da ɗan gidan suna son juna, alhali ga wata 'yar gata daidai da matsayinsa tana jiransa. Mutum uku, gurbi ɗaya. A kan wannan ɗan labari ne da waƙarsa kaset ɗin ya zagaye ƙasar Hausa.

Bari mu fara da masu dariya, tun da yawancinsu daga cikinmu suke, watau 'yan boko. Shin sun taɓa tambayar kansu da me aka yi fim ɗin? Tun da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, yin fim irin na silima ya gagari kusan kowa a Nijeriya. Sai matasan Kano suka ɗauki kyamarar bidiyo irin ta ɗaukar biki, ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, saura suka bi sahu, suna kai kaset kasuwar Ƙofar Wambai suna jiran abin da ciniki zai bayar. Da kuɗin aljihu da rancen 'yan'uwa aka gina sana'ar da mujallar Tauraruwa ta raɗa wa suna Kannywood a 1999. Wanda ya yi wa ginin talaka dariya don ba shi da bene, lalle ne ya nuna mana abin da shi ya gina. Mu da muka samu ɗakunan karatu da malamai da digiri, finafinai nawa muka yi da harshenmu a waɗannan shekaru?

Sa'an nan masu kewa. Waɗannan laifinsu ya fi nauyi, domin mantuwa ce da gangan. Finafinan da suke kira masu tarbiyya a yau, su ne dai aka riƙa tsine wa a kan mumbari da shafukan jaridu saboda rawa da waƙa tsakanin mace da namiji. A watan Disamba na 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim ɗungurungum, a 2001 kuma aka kafa hukumar tace finafinai ta jihar. A 2007 har littattafan soyayya aka cinna wa wuta a bainar jama'a a Kano. Kalmomin da ake jifan finafinan yau da su, su ne aka jefi Sangaya da tsararrakinsa da su, ba ragi ba ƙari. Bakin da ya zagi abu yana ɗanye, ya dawo yana yabonsa bayan ya bushe, ba ya neman gaskiya, sanda kawai yake nema ta dukan 'yan baya.

Akwai zargi guda da gidajen biyu suka haɗu a kansa, wai duk kwaikwayon Indiya ne. Ba mu musa cewa an yi aro ba. Shekara da shekaru gidajen silima irin su Plaza da El Dorado suna nuna wa Kanawa finafinan Indiya, kuma masana irin su Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai zurfi a kan wannan dangantaka. Amma fa mai aro ba ya ɗaukar rigar da ba ta shige shi. An nuna finafinan kaboyi da na 'yan Sin masu faɗa a waɗannan gidaje, me ya sa labarin masoya uku ne ya kama ƙasa ya yi saiwa? Dalili shi ne ciwon yana nan a gida: iyaye su zaɓa, yarinya ta yi kuka, dangi su ce zumunci, mai kuɗi ya yi gaba da wadda talaka ya daɗe yana nema. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ba daga Bombay ta samo abin da ta rubuta a littattafanta ba.

To, a nan ne muka iso ga gida na uku, wanda ba a taɓa neman ra'ayinsa ba, watau 'yan mata da matan aure na cikin gida, waɗanda suka riƙa aiken yara shagon haya su karɓo kaset, su taru a ɗakin maƙwabciya mai talabijin su kalla har a haddace. Su ba su rubuta sharhi a jarida ba, da kuɗin cefane suka jefa ƙuri'arsu. Abin da suka gani a Zubaina shi ne yarinya marar gata wadda zuciyarta ke da daraja daidai da ta 'yar sarki. Wannan magana ce babba a cikin al'ummar da har yanzu ake ɗaura wa wasu 'yan mata aure ba tare da an ji ta bakinsu ba.

Kada a ɗauka muna wanke fim ɗin ne. Muna da namu ƙorafin, kuma ya fi na masu dariya nauyi. Labarin da ke nuna wa 'yar talaka cewa mafitarta ita ce ɗan sarki ya hango ta, mafarki yake sayar mata. 'Yan aiki dubbai ne a gidajen manya, 'ya'yan sarakuna kuwa ƙalilan ne, sauran fa ina za su nufa? Irin wannan muhawara ce ta cancanci ɗaliban jami'a, ba ƙyalƙyala dariya a kan ingancin hoto ba.

Amma muhawara sai da shaida, shaidar kuwa tana ruɓewa. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura, kuma tun 2016 kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar kunna irin wannan kaset, ya daina. Mun ga abin da ya faru da fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976: an daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a Legas, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a Balin a 2018. Za mu sake zama ne sai baƙi sun zo sun tono mana tarihinmu?

Don haka muna kira ga ƙungiyoyin ɗaliban Hausa da su tattara tsofaffin kaset daga gidajen iyayenmu, su mayar da su cikin kwamfuta da izinin masu su, su ajiye a ɗakunan karatu. Ma'aikatan da ke ma'aikatun al'adu su sa wannan aiki a kasafin kuɗi. Mafi muhimmanci, kowannenmu ya zauna da yayarsa ko gwaggonsa ya tambaye ta abin da ta gani a Sangaya, ya rubuta amsarta da kalmominta. Masu dariya da masu kewa sun daɗe suna magana, saura mu ji daga bakin waɗanda aka yi fim ɗin dominsu.