Waiwaye: Lokacin da wat ɗaya ke cika unguwa

Duk wanda ya tashi a Sandamu ko ƙauyukanta, Fago ne ko Karkarku ko Rijiyar Tsamiya, ya san yadda asuba take shigo mana gari a shekarun da wutar NEPA ba ta zama ruwan dare ba. Lasifika ɗaya ce mai buɗaɗɗen baki, an ɗaure ta da waya a kan azara ko a reshen darbejiya. A cikin masallaci kuma ga ɗan akwatin ƙarfe a gefen mumbari, ga batirin mota wanda ake ɗorawa bayan keke a kai shi caji Daura in ya yi sanyi. Da wannan kaɗai muryar ladan take ratsa unguwa ta fita bayan gari, har wanda ya yi sammako zuwa gona ya jiyo ta. A cikinmu ba wanda ya taɓa tambayar wat nawa ne akwatin. Muna dai ji, kuma tar muke ji.

Yau fa? Ka tsaya minti biyar a shagon kayan sauti, a Daura ne ko a Sabon Gari ta Kano, tambayar farko da za ka ji daga bakin matashi ita ce wat nawa. Mai shago ya nuna masa kwali an rubuta 2000W da jan fenti, a ƙasa da ƙananan haruffa an saka PMPO. Wannan lamba ba ta da wani ma'auni da aka yarda da shi, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Lissafin ma ba wuya: kafin batir mai bolt 12 ya ba da wat 1000, sai ya tura fiye da amfiya 80, kuma siririyar wayar da ke bayan akwatin narkewa za ta yi tun ba a je ko'ina ba. Amma ido ya riga ya ga lamba, kuɗi sun fita daga aljihu.

Iyayenmu sun fara sanin sautin inji ta hanyar da ba ta cin wuta ko kaɗan. Garmaho wani shi ake yi da hannu, allura ta bi faifai, ƙahon da ke jikinsa ya ɗauki wannan ɗan motsi ya cika zaure da shi. Daga baya aka kawo rediyon waya, wanda ya iso Kano a 1944, akwati kawai a bango da maɓalli ɗaya. Sai motar majigi da ke yawo ƙauyuka da lasifika a kan rufinta, ana nuna fim irin su Baban Larai a fili, mutum ɗari nawa suna zaune a ƙasa kowa na jin mai bayani. Sirrin garmaho da lasifika ɗaya ne, kuma mu mutanen ƙasar Daura bai kamata ya zama baƙo gare mu ba, don muna ganinsa duk ranar hawan Sallah da Sallar Gani. Dubi mai busa kakaki a ƙofar fada. Numfashinsa na mutum ɗaya ne, bai fi naka ko nawa ba, amma dogon bututun nan da ke buɗewa a hankali har bakinsa shi ke kama iskar waje ya tura ta gaba ɗaya. Haka ƙahon lasifika yake aiki. Sifikar akwati ta yau da kullum, cikin wutar da aka ba ta, kusan kashi ɗaya cikin ɗari kawai take mayarwa sauti, sauran zafi ne ke tafiya a banza. Mai ƙaho kuwa tana iya ninka wannan sau goma ko fiye.

Masana sauti suna da ma'auni na wannan. Sukan ba sifika wat ɗaya, su tsaya nisan mita ɗaya, su auna ƙarar da ta fito da desibel. Ƙananan akwatunan da ke cika kasuwa yanzu sukan ba da 85 zuwa 88. Babbar sifika mai takarda mara nauyi, inci 10 ko 12, tana kaiwa 95 ko sama. Lasifikar masallaci irin ta TOA ta Japan ko Ahuja ta Indiya takan wuce 105. To, ƙa'idar ita ce duk ƙarin desibel 3 sai an ninka wuta sau biyu. Tsakanin 87 da 105 akwai 18, ninki shida ke nan a jere, wato abin da lasifika za ta yi da wat 1, ɗan akwatin zamani sai ya sha wat 64 kafin ya kamo ta. Wani abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne, kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninku, sai wuta ta ƙaru sau goma. Wanda ya sayar da amfilifaya mai wat 50 ya sayi mai 100 ya kashe kuɗi a kan bambancin da da ƙyar matarsa za ta lura da shi daga tsakar gida.

Masu gyaran rediyonmu na da ba su karanta wannan a littafi ba, amma hannunsu ya san shi. Ku tuna rumfarsu a bakin kasuwa: tebur cike da gawar rediyo, gwangwanin madara an tara ƙananan kusoshi, ƙarfen narka dalma a cikin garwashin kasko saboda ba wuta, da ƙamshin nan na dalma da ba ya kama da komai. In saurayi ya zo ya ce, "Baba, a haɗa mini amfilifaya mai ƙarfi," amsar ba ta wuce, "Yaro, wace sifika gare ka? Je ka ɗauko ta." Sai ya juya ta, ya dubi girman maganaɗisu, ya danna takardar da ɗan yatsa a hankali ya ji ko kwayil na gogar ƙarfe. Daga nan ya ɗauki batirin tocila ɗaya ya taɓa wayoyin biyu. In ta yi ƙas da ƙarfi, sai ya yi murmushi, ya san wannan ba mai ci da yawa ba ce. In ta amsa a kasalance, ya ce sai dai a nemi babban batir. Daga sifika ake farawa, sannan a zaɓar mata abin da zai tuƙa ta. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abin da yake haɗawa ma bai taka kara ya karya ba a ido. Ƙwaya ɗaya mai ƙafa biyar, TDA2003, wadda aka ƙera don rediyon mota, tana ba da wat 5 ko 6 a kan sifika mai om 4. In ana da taransifoma, sai 'yar'uwarta TDA2030 mai kaiwa wat 14. A ɗaure ta a jikin guntun gorar ruwa ko ɓallen firam ɗin taga don ta sha iska, a kai wa kafinta ya buga babban akwati na katako, a liƙe kowace kafa. Da wannan aka yi bukukuwa, aka saurari Zaɓi Sonka daga Rediyon Kaduna, aka juya kaset ɗin Mamman Shata har ya yi laushi. Shata, wanda a nan Daura aka binne shi a 1999, muryarsa gwaji ce mai kyau ga kowace sifika: in amfilifaya ta fara shaƙewa, a kan kalangu za ka fara ji, sautin ya dagule ya zama hayaniya.

Kada mu ɗauka mu kaɗai muka bi wannan hanya saboda rashi. Gidajen silima na Amurka a shekarun 1930 da manyan ƙahoni suke cika zaure mai ɗaukar ɗaruruwan mutane, kuma bawul ɗin amfilifayarsu da ya yi suna, 300B na kamfanin Western Electric, guda ɗaya wat 8 ko kusa da haka yake bayarwa. A 1946 wani injiniya mai suna Paul Klipsch ya fara ƙera sifikar gida mai ƙaho a garin Hope na jihar Arkansas, wadda ake jingina ta a kusurwar ɗaki bango ya zama cikon ƙahon, kuma har yau ana ƙera ta. An san shi da cewa abin da ƙasarsu ke bukata shi ne amfilifaya mai kyau mai wat biyar. Abin da ya juya lamarin shi ne ɗaki da aljihu. A 1954 Edgar Villchur ya fito da ƙaramin akwati rufaffe mai ba da sauti mai zurfi, amma mai cin wuta sosai. Ba a jima ba taransisto ya sa wat ya yi araha, sai kamfanoni suka bar manyan akwatuna suka koma gasar lamba. Mu kuma muka gaji ƙananan akwatunan ba tare da mun gaji tsayayyar wutar da aka ƙera su dominta ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, sifika mai saurin amsawa ba ta rufa wa kowa asiri. Yadda take ɗaga murya haka take ɗaga aibi. In amfilifaya tana da shuuu a cikinta, ko gurnanin nan na wutar gari da ke biyo taransifoma mara kyau, a kan sifika mai desibel 96 har daga bakin ƙofa za ka ji, alhali ƙaramin akwati zai haɗiye shi. Shi ya sa tsohon mai gyara, kafin ya sa kaset, yakan kunna inji shiru ya kara kunnensa a bakin sifika. Abin da yake nema tsabtar wat na farko, domin a ɗaki irin namu, da sifika irin wannan, yawancin sauraro bai ma kai wat ɗaya ba. Haɗa mata amfilifaya mai wat 200 kuwa wahala ce: da ka taɓa maɓalli kaɗan ɗaki ya ɗauka, ba ka da wurin daidaitawa, kuma ranar da yaro ya murɗa shi ƙarshe kwayil ya tafi. Haka nan lasifikar masallaci, duk ƙarfinta, ba ta gida ba ce. Don magana aka yi ta, ba ta da ƙasan sauti, ganga a cikinta ba ta da nauyi.

Akwai kuma maganar om, wadda ta ƙone inji da yawa a gidajen biki. Sifika biyu masu om 8 in aka haɗa su kai da kai sun koma 4, in aka ƙara biyu sun koma 2, amfilifaya ta yi ta zafi har ta mutu. Mai gyara na da yakan ƙirga wannan da yatsu kafin ya ɗaura waya. Yanzu sai a yi ta jona akwati a kan akwati, in hayaƙi ya tashi a ce kayan ne jabu.

Abin da ya sa na ga ya dace mu tuno da wannan shi ne sola. Gidaje da masallatai da yawa a ƙasar Daura sun koma kan faranti da batir, kuma wanda ke rayuwa a kan batir ya san kowane amfiya kuɗi ne. Yaranmu masu sha'awar haɗe-haɗe suna samun ƙananan allunan zamani da ake kira ajin D, waɗanda kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da suka ja sifika suke kai wa, ba sa ɓarnar ta a zafi. Akwai PAM8403, ɗan mitsitsi, mai wat 3 kowane gefe daga cajar waya mai bolt 5. Akwai TPA3116 ga mai son ya fi haka, kodayake wasu allunansa masu araha suna da shuuu da babbar sifika za ta tona, don haka a gwada kafin a biya. Tsofaffin sifikun nan masu takarda kuma ba su ƙare ba. Suna nan a ɗakunan ajiya da rumfunan 'yan gwangwan, wasu ƙura kawai suka sha, wasu gefen takardar ne ya yage, wanda mai gyara zai liƙe ko ya sake. Yaron da ya samo ɗaya mai inci 12, ya sa kafinta ya buga mata akwati mai faɗi, ya haɗa ta da allo mai wat kaɗan mai tsabta, zai saurari labaran safe da karatun dare a kan ƙaramin batir na kwana da kwanaki kafin ya nemi caji.