Laka Ba Ta Ɗoruwa

Manomin Bichi ko Ɗambatta da bayansa yake ci, da shi yake sunkuyawa a kunya tun daga shuka har girbi. Idan ya faɗo daga babur, ko tarin fuka ya cinye masa ƙashin baya, sai Asibitin Ƙashi na Dala. Fargabar 'yan uwa ɗaya ce, kada ya farka daga tiyata ƙafafu sun shanye. Suna da gaskiya, domin ƙashi yana ɗoruwa, laka kuwa in ta yanke shi ke nan. A 1973 likitocin Faransa suka fito da dabarar tayar da majinyaci ana tsakiyar tiyata, a ce ya motsa yatsun ƙafa. Yanzu na'ura ke wannan gadi. Ana liƙa wayoyi a ka da ƙafafu, ana aika ɗan lantarki ta cikin lakar. Da saƙon ya raunana sai a ankarar da likita ya dakata, ya sassauta ƙarfen da yake ɗaurawa tun ɓarna ba ta tabbata ba. A ganina wannan haƙƙin talaka ne. Ya kamata gwamnati ta samar da na'urar, ta horar da masu karanta ta. Kai kuma mai jinya, kafin ka sa hannu a takardar tiyata, tambayi likita yadda za a kula da lakar ɗan uwanka.