Sammaci Ba Ya Tsallake Iyaka

Sanin kowa ne cewa shari'a ba ta tsayuwa sai an ji ta bakin kowa. Saboda haka sammaci, watau takardar kiran wanda ake ƙara, shi ne tushen hukunci. In bai isa hannun mai shi ba, duk abin da aka gina a kai rusasshe ne.

A ɗauki misalin wata mata a Kwarbai, cikin birnin Zariya, wadda mijinta ya koma Maraɗi ya bar ta ba ci ba sha, ba kuma saki. In ta kai ƙara, masinjan kotu ba shi da ikon kai takarda bayan Jibiya, domin ikon alƙalin Nijeriya a bakin iyaka ya ƙare. Bisa al'ada sai takardar ta bi ta ma'aikatun harkokin waje, an kuma juya ta daga Ingilishi zuwa Faransanci, alhali mai ƙara da wanda ake ƙara duk Hausa suke ji. Tafiyar yini guda sai ta zama ta watanni, matar kuwa tana nan, ba ta ga tsuntsu ba ta ga tarko.

Magabata ba su jahilci wannan matsala ba. Littafin Tuhfa na Ibnu Asim, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna dogara da shi, ya keɓe fasali a kan wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali. Da ita alƙalin wani gari ke sanar da takwaransa abin da ya tabbata a gabansa. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ita ce ta datse wannan hanya, amma ba ta datse aure da fatauci ba.

Ƙasashe da dama sun nemi magani da yarjejeniyar Heg ta 1965, wadda ta sa kowace ƙasa ta keɓe ofishi guda na karɓar sammacin waje. Nijeriya da Nijar ba sa cikinta. Amma tun 1971 suna da hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai, kuma a 2025 Nijar ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Lalle ne hukumar nan ta tsara yarjejeniyar da za ta bar kotu ta aika wa kotu sammaci kai tsaye, da Hausa. A nan aikin ya faɗo kan malamai da ɗaliban sashen Hausa. Su ne ya kamata su daidaita kalmomin shari'a na ɓangarorin biyu, su fito da takardar sammaci guda wadda Bazazzage da Bamaraɗe za su karanta su fahimci abu ɗaya. In ba a yi haka ba, mai tsere wa haƙƙi zai ci gaba da fakewa da iyaka.